An ce huhu ne, amma wuya da kafaɗa ke yi wa Baba ciwo

Wani bawan Allah daga Marwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Likita, mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma ya yi sama da shekara 40 yana sana'ar tsire. Tun shigowar hunturun bana numfashi ke ba shi wahala. Da dare ba ya iya kwanciya, sai ya zauna a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa, jijiyoyin wuyansa suna tashi. A asibiti an ce huhu ne. To amma shi kukansa wuya da kafaɗa da haƙarƙari, ga gajiya, ga rama alhali yana cin abinci. Mene ne haɗin huhu da wuya? Sannan gwaggonmu ta ce a ɗaure masa ƙirji da rawani ko ciwon haƙarƙarin zai lafa. A ɗaure?"

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Bari in fara da ta ƙarshen tunda ita ce ba ta jira: kada a ɗaure. A ba gwaggo haƙuri, niyyarta kyakkyawa ce, kuma ba ita kaɗai ba, mu ma likitoci a da haka muke naɗe mai karayar haƙarƙari da filasta, sai da aka ga ɓarnar da yake yi aka daina. Dalilin zai fito da kansa idan ka bi ni a hankali.

Abin da ya rikita ka shi ne abin da ke rikita kusan kowa. Muna ɗauka huhu ne ke zuƙo iska, kamar yadda baki ke zuƙar kunu. Ba haka ba ne. Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da ita. Akwai dai 'yan siraran tsokoki a jikin bututun iska, amma aikinsu matse hanya da sakinta, ba ja ba. Huhu jaka ce mai laushi da ake buɗewa daga waje, masu buɗe ta kuwa tsokoki ne, nama irin wanda Baba ya yi shekaru yana yankawa. Tsoka kuma tana gajiya, tana ciwo, tana ramewa. Likitan da ya ce huhu ne ya faɗi gaskiya, Baban da ya ce wuya ne shi ma ya faɗi gaskiya. Cutar tana huhu, wahalar tana kan masu yi masa dako.

Baba ya fi ni sanin babbar tsokar numfashi, domin ya tsaga ta da wuƙa sau dubu. Ka tuna ragon layya bayan an rataye shi an feɗe. An fitar da tumbi da hanji, ka leƙa ciki ta ƙasa, sai ka ga wani shimfiɗaɗɗen nama ya toshe hanya kamar an kifa ƙwarya: gefensa ja ne, tsoka ce sosai, tsakiyarsa kuma fari-fari mai sheƙi kamar fatar ganga. Hanta na manne da shi ta ƙasa, huhu da zuciya na bayansa ba a ganinsu. Likitoci na ce masa diyafaram, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa shamaki, tunda shi ya raba ɗakin ƙirji da ɗakin ciki. In ka kasa kunne lokacin da mahauci ya huda shi, za ka ji wani ɗan fuu, iska ta faɗa ciki, huhun da ya cika ƙirji dam sai ya tsuke ya koma gefe. Bayan nan yara su ɗauki huhun su hura ta maƙogwaro, ya kumbura ya yi jajir, da sun cire baki ya saɓe da kansa. Duk ilimin numfashi yana cikin wannan wasan yara: huhu in an bar shi tsukewa yake, sai an sa ƙarfi yake buɗewa.

A jikin mai rai ba hurawa ake ba, ja ake. Idan shamaki ya ɗaure, ƙwaryar nan da ke kife sai ta sauko ta baje, ta danna hanta da tumbi ƙasa, shi ya sa cikin mai barci ke tasowa in ya shaƙa. Ɗakin ƙirji ya ƙara faɗi, iskar da ke ciki ta yi ƙaranci ga girman ɗakin, sai ta waje ta kwararo ta hanci don cike gurbin. Zugazugin maƙeri ke nan: ba ya kiran iska, buɗa fatar kawai yake, iska ta shigo. Wani masani a Ingila, Robert Boyle, ya rubuta wannan ƙa'ida ta matsin iska da faɗin mazubi tun 1662, amma maƙeranmu ba su jira shi ba. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar motsin. Mutum yana zaune lafiya, shamakinsa santimita 1 zuwa 2 kawai yake sauka, kuma bambancin matsin da ke jawo iskar bai wuce nauyin ruwa mai zurfin santimita 1 ba. Da wannan ɗan motsi ake shigar da kimanin rabin lita a kowace shaƙa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na aikin shamaki ne ke yi. In aka ja dogon numfashi yakan sauka har kusan santimita 10.

To yaya huhu ke bin bangon ƙirji alhali ba a ɗinke suke ba? Ka samu gilashi biyu ka ɗiga ruwa a tsakani ka haɗa su. Za su zame a kan juna yadda kake so, amma ka gwada raba su. Haka huhu yake: tantani ɗaya ya lulluɓe shi, wani ya shafe cikin ƙirji, tsakaninsu ɗan ruwa da bai fi 'yan cokula ba. Muddin iska ba ta shiga tsakanin nan ba, duk inda bango ya tafi huhu na biye. Ranar da wuƙa ko tsinin karyayyen haƙarƙari ya huda wurin, abin da ya faru da ragon layya shi zai faru da mutum. Masu babur na haya da ake kawo mana bayan haɗari a nan Garwa, da yawansu wannan ne ke neman kashe su, ba jinin da ake gani a goshi ba.

Haƙarƙari kuma ba keji ne kawai ba. Guda 12 ne a kowane gefe, kuma ba a miƙe suke ba, sun karkato ƙasa daga baya zuwa gaba. Tsakanin kowane biyu akwai tsoka hawa-hawa, naman da ke manne da ƙashi a gasasshen haƙarƙari, wanda masu ci suka san ya fi daɗi. Hawa na waje in ya ɗaure yana ɗaga ƙasusuwan. Na ƙasa suna tashi gefe kamar hannun bokiti in an ɗaga shi, ƙirji ya faɗaɗa hagu da dama. Na sama suna tura ƙashin ƙirji gaba kamar hannun famfon burtsatse. Ka dafa kwiɓinka da hannu biyu ka ja numfashi, za ka ji hannuwan suna rabuwa.

Fitar da iska kuwa, ga mai lafiya, kyauta ce. Tsokoki su saki, huhu ya koma da kansa kamar robar da aka ja aka sake. Sai in ana gudu ko tari ko atishawa ko karatu da ƙarfi ne tsokokin ciki da hawa na ciki na haƙarƙari ke shigowa su matso iskar. Ko an matse iya matsewa ma huhu ba ya ƙarewa ƙaf, fiye da lita 1 na zama a ciki, daga cikin lita 6 ko kusa da haka da huhun babban namiji ke ɗauka.

Yanzu mu zo kan Baba. Bayanin da ka yi, da shekarun da ya yi a tsaye kan tukuba hayaƙin itace da na kitse na dukan fuskarsa, ya yi kama ƙwarai da cutar toshewar huhu mai daɗewa, wadda a takardun asibitinmu za ka ga an rubuta BPCO. Mutane sun san ta da masu shan taba, amma hayaƙin murhu ma na kawo ta, shi ya sa muke ganinta a jikin tsofaffin mata da ba su taɓa riƙe sigari ba. A cikin huhu akwai 'yan ƙananan jakunkuna, miliyan ɗari-ɗari, inda iska ke haɗuwa da jini. Hayaƙi na cinye bangonsu a hankali, robar huhu ta mutu kamar ta tsohon wando, ƙananan hanyoyin iska kuma su kumbura su cika da majina. Sai abin ya juye. Fitar da iska da take kyauta ta koma aiki, kuma da mutum ya matsa don ya fitar, hanyoyin da suka yi laushi sai su rufe tun iskar ba ta gama fita ba. Kowane numfashi na barin saura. Mai wannan cuta yana ji kamar iska ba ta shiga, alhali matsalarsa ita ce tsohuwar ta ƙi fita ta ba sabuwa wuri. Ba a zuba ruwa a randar da ke cike.

Huhun da ya kumbura haka yana danne shamaki ƙasa har ya baje tun kafin a fara shaƙa. Nan ne gizo ke saƙar. Ƙarfin shamaki yana cikin lanƙwasarsa, ƙwarya ce da ke sauka. In ta riga ta zama faifai, ina za ta sauka? Yana ɗaurewa, yana cin ƙarfi, amma iskar da yake kawowa kaɗan ce. A wasu ma in ka duba da kyau za ka ga ƙasan haƙarƙari na shigewa ciki lokacin shaƙa maimakon ya buɗe, domin shamakin da ya baje jan gefe yake ba jan ƙasa ba. Ka ɗaga rigar Baba ka duba wannan.

Idan babban ma'aikaci ya gaza, sai a kira 'yan taya. Su ne abin da ka kira jijiyoyin wuya. Ba jijiyoyi ba ne, tsokoki ne. Biyun da suka fi fitowa sun taso daga bayan kunne suka sauko kan ƙashin wuya da saman ƙashin ƙirji, kana iya kama naka in ka juya kai gefe. A bayansu akwai wasu da suka taso daga ƙasusuwan wuya suka kama haƙarƙari na farko da na biyu. Babban aikin waɗannan na gaba juya kai ne da sunkuyar da shi, sallama dama da hagu, amsa kira. In an yi gudu su taimaka na 'yan mintoci su ɗaga ƙirji, sannan su huta. A jikin Baba ba hutu. Mutum mai numfashi 15 a minti yana yin 21,600 a kwana ɗaya, Baba kuwa ya fi haka sauri. Ka ɗauki bokitin da ba komai a ciki ka ɗaga sau 20,000 tsakanin asuba da asuba, gobe ma haka, ka gaya mini yadda kafaɗarka za ta kasance. Haɗin huhu da wuya ke nan, ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma matashin kai ne ya yi masa tudu ba.

Zaman da yake yi kuwa, na dafa gwiwa, ku bar shi. Ba wanda ya koya masa, jiki ne ya gano. Tsokokin ƙirji da na kafaɗa a al'ada ƙirji suke dogara da shi su motsa hannu. Da zarar an kafe hannu a kan gwiwa sai aikin ya juya, hannu ya zama turke, su ja haƙarƙari su buɗe. Sunkuyawar kuma na sa kayan ciki su tura shamaki sama ya ɗan dawo da lanƙwasarsa. Ɗan kokawa da ya gama turmi haka yake tsayawa, ɗan ƙwallo ma haka. Na sha ganin 'ya'ya cikin tausayi suna lallaɓa tsoho ya kwanta ya huta, shi yana ture su ba ya iya bayani. Hutunsa a zaunen yake. Ku sa masa tebur ko kujera a gabansa, a ɗora matasai biyu, ya kifa hannuwa da kai, zai iya samun barci a haka. Sai dai rashin iya kwanciya ba na huhu kaɗai ba ne, babbar alama ce ta gajiyar zuciya, inda ruwa ke taruwa a huhu da an miƙe. Ka danna ƙafarsa da yatsa a saman idon sawu. In ya lotsa ya bar rami, ka faɗa wa likita da bakinka a duba zuciya. Cututtukan biyu sukan zauna gida ɗaya a jikin tsoho.

Yanzu ga lissafin da ya hana rawanin gwaggo. Ba duk iskar da aka shaƙa ke kaiwa inda jini yake ba. Kimanin mililita 150 na tsayawa a hanci da maƙogwaro da manyan bututu, ta fita yadda ta shiga. Mai shaƙar 500 sau 12 a minti ya motsa lita 6, kuma 350 sau 12, wato 4,200, sun isa. Wanda aka ɗaure wa ƙirji yana shaƙar 250 sau 24 shi ma lita 6 ya motsa, amma 100 sau 24 ne suka isa, 2,400 kacal. Wahala ninki biyu, riba ta kusan rabewa. Ga shi ƙasan huhun da ba ya buɗewa majina na kwanciya a ciki, tari ba ya iya fito da ita, kwana kaɗan sai zazzaɓi da limoniya. Ciwon haƙarƙarin Baba galibi na tsokokin da ke tsakanin ƙasusuwa ne da tari ya gajiyar. Farasitamol bisa ƙa'ida, tsumma mai ɗumi, da rungumar matashi a ƙirji lokacin tari, a saki in ya wuce, sun wadatar. In kuwa wuri ɗaya ne tak, wanda in an taɓa yake zabura, a ɗauki hoto, domin tari mai ƙarfi na iya tsaga ƙashin tsoho.

Ramar ma daga nan take. Mai lafiya a zaune, abin da tsokokin numfashi ke ci daga iskar oksijin da jiki ke amfani da ita bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Mai irin cutar Baba ninkin-ba-ninkin haka yake kashewa. Yana zaune a tabarma amma jikinsa noma yake dare da rana. Kuma ina shakkar cin da ka ce yana yi. Ka zauna kusa da shi ka lura: taunawa da haɗiya na katse numfashi, tumbin da ya cika da tuwo kuma na tokare shamaki daga ƙasa, don haka da yawansu loma biyar suke yi su janye hannu su ce alhamdulillahi. A daina jibga masa malmala biyu da dare. A raba abincin kashi biyar ko shida a yini, kaɗan-kaɗan, mai maiƙo da gina jiki: ƙwai, kifi, wake, kindirmo, kunun gyaɗa, naman da ya dahu luguf. Shamaki nama ne, in cinya ta rame shi ma ya rame. Duk da haka, tsoho mai tari da rama a ƙasar nan ba a wuce shi sai an gwada kakinsa don tarin fuka. In ba a yi ba, ku nema.

Akwai abin da nake so ka tsaya a kansa da ƙafa biyu, shi ne maganin barci da na kashe ciwo. Tsokokin nan ba sa motsi sai da umarni, umarnin kuma daga can ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, daidai inda ta haɗu da laka. Wurin yana auna jini ba dare ba rana, kuma abin da ya fi sa wa ido ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar gurɓatacciyar iskar kabon ce. Ita ce ke tilasta maka sakin hanci in ka riƙe numfashi. Tramol da ya cika mana kasuwanni, maganin tari mai kodin, da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, duk suna dusashe wannan mai gadi. Saurayi mai ƙarfi ma suna iya tsayar masa da numfashi, balle tsohon da ke kan gaɓa. Wani zai zo dubiya ya ga Baba ba ya barci ga ciwon kafaɗa, ya zaro ƙwaya daga aljihu don taimako. Ka tsare ƙofar nan ko da za a ce ba ka da kunya.

Daga ƙwaƙwalwa saƙon yana bin wata jijiya zuwa shamaki, kuma abin sha'awa, ba daga ƙirji ta fito ba, daga wuya ta fito, tsakanin gaɓa ta 3 da ta 5 na ƙashin wuya. Tun ɗan tayi na 'yan makonni shamaki a wajen wuya yake fara tsirowa, ya sauko yana jan jijiyarsa. Wannan ya sa karayar wuya ta sama ke tsayar da numfashi nan take alhali huhu lafiya lau, ya kuma sa ake hana a ciccibi wanda ya faɗi a babur kansa na reto. Shi ne kuma dalilin da abu zai taɓa shamaki a ciki mutum ya ji ciwo a kan kafaɗa: ƙurji a hanta, fashewar saifa, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe. Shaƙuwa ma shamaki ne ke fizga, maƙogwaro ya rufe da sauri ya ba da wannan sauti.

A 1952 cutar shan inna ta ɓarke a Kofanhegan, babban birnin Danmak. Yara suna mutuwa da huhu garau, tsokokin ne cutar ta shanye. Wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu a riƙa tura iska da jakar roba, aka jera ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna matsa jaka da hannu, ana karɓa-karɓa, makonni a jere. Mace-macen suka ragu ƙwarai, kuma daga nan sashen kula da masu tsananin ciwo na asibitocin duniya ya samo tushe. Na kawo wannan ne don muna da irinsa a gonakinmu. Kububuwa, wadda ta fi sarar mutane a kwarin Binuwai, jini take tsinkawa. Amma wasu macizai na dangin gamsheƙa dafinsu tsoka yake kashewa: fatar ido ta fara faɗuwa, magana ta lauye, yawu ya ƙi haɗiyuwa, sannan shamaki ya tsaya. Wanda aka ci gaba da tura masa iska har maganin dafi ya yi aiki yakan tashi sarai. Maganin feshin auduga in ya shiga jiki da yawa shi ma ta nan yake kisa.

Abin da Baba zai iya yi da kansa, mafi amfani kuma ba ko sisi, shi ne ya koyi fitar da iska. Ya shaƙa ta hanci yana ƙirga biyu, ya tsuke leɓe kamar mai hura shayi mai zafi, ya saki a hankali yana ƙirga huɗu ko fiye, ba tare da matsawa ba. Tsuke leɓen na riƙe ɗan matsi a cikin bututu, ya hana su rufewa da wuri, tsohuwar iska ta samu ta fita, shamaki ya samu wurin tashi. Ku gaya masa kamar yana lallaɓa garwashi ne ba ya so toka ta tashi, zai gane fiye da yadda na faɗa. Ya yi haka in zai miƙe, in zai hau tudu, in zai ɗago daga sujada. In sujadar ma na toshe shi, malamai sun san rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya, a tambaye su. Kuma kada ku mai da shi ɗan zaman ɗaki. Cinyar da ta saba tafiya ba ta neman iska da yawa kamar wadda ta kwanta, don haka ya riƙa taka ƙafa kullum, ko zuwa masallacin unguwa ne, yana tsayawa yana hutawa.

Tukuba dai ya yi sallama da ita, har zaman kusa da ita don sa ido kan yara. Turaren wuta, maganin sauro na hayaƙi, da kaskon garwashi a ɗaki rufe lokacin sanyi, duk a fitar. Hunturu kuma ba banza ya tayar masa da ciwon ba. Ƙurar da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, kuma tana da laushin da take wuce gashin hanci ta kai can ciki. Ranar da hazo ya sauko ya zauna a ɗaki, a yayyafa ruwa kafin shara, in fita ta kama ya sa takunkumi. Ga inda rawanin gwaggo zai yi amfani: a hanci da baki.

In an rubuta masa abin shaƙa irin Ventoline, ya yi amfani da shi. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara ba ya dainawa ba ta da tushe, cutar ce ba ta tafiya, ba maganin ne ke kama mutum ba. Ku sa ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake shaƙarsa a gabansa, domin da yawa a harshe suke fesawa. In akwai inda ake gwajin hura iska a na'ura, sipirometa, shi ne ke tabbatar da cutar. In kuma an kwantar da shi an sa masa oksijin, kada wani ya murɗa kan tulun don a ƙara masa. Ga masu wannan cuta likitoci kan nemi awon oksijin na jini, wanda ake yi da na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ya tsaya tsakanin kashi 88 da 92 cikin 100, wuce haka na iya tara musu iskar kabon.

Tsoka tana yin iya yinta ta sare, kuma tana ba da sanarwa kafin ta sare. Ka ƙirga numfashin Baba na minti guda cur yana zaune bai sani ba. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi. In ya kai 30, ko ba ya iya haɗa jimla sai kalma-kalma, ko leɓe da farce sun canja launi, asibiti. In ka ga cikinsa na shigewa lokacin da ƙirji ke tashi, kamar sikeli, shamaki ya gaji ke nan ana jansa sama maimakon ya ja ƙasa. Wadda ta fi yaudarar iyali ita ce ta ƙarshe: mutumin da ya kwana yana haki sai ya yi shiru, ya fara gyangyaɗi, ana tashinsa yana magana ba kan gado. Sai a ce alhamdulillahi ya samu barci, a ja ƙofa. Sau da yawa ba sauƙi ba ne, ƙarfi ne ya ƙare, iskar kabon ta hau kai.

Wannan karatun zai yi maka amfani a kan jikokin Baba ma. Haƙarƙarin jariri laushi gare shi kamar guringuntsi, kusan da shamaki kaɗai yake numfashi, don haka in huhu ya yi tauri da limoniya za ka ga ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki a kowace shaƙa, hanci na buɗewa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 a minti ya yi yawa, daga wata 2 zuwa shekara 1, 50, daga shekara 1 zuwa 5, 40. A ƙirga yaro yana kwance shiru, ba yana kuka ba.

Kafin ku koma wurin likita, ka ɗauki Baba bidiyo da waya cikin dare lokacin da abin ya taso, ba riga, a ga wuya da ƙirji da ciki tare, na minti ɗaya. Tsofaffinmu da sun ga likita sai su gyara zama su ce da sauƙi. Ka rubuta adadin numfashinsa safe da yamma na 'yan kwanaki, ka tattara duk magungunan da ke ɗakinsa a leda, har na gargajiya da wanda maƙwabci ya kawo. In kuma da dare ne ya rikice, a zaune za a kai shi, mutum ɗaya a gefe yana tallafe da shi, a sauke gilashin mota. Kada a shimfiɗe shi a kujerar baya.